Ruwan da ke kwanciya a bututun shawa ya saki hanya

Jama'a, yau ruwan shawar motar zangon da nake harhaɗawa, wato motar da ake mayarwa ɗakin kwana don tafiye-tafiye, ya gangara tanki bai tsaya ya taru min a ƙafa ba. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, don wannan matsalar ta cinye lokacin da na ware wa haɗa sola da kabad, har tsarin aikin duk ya cakuɗe.

Duk mai harhaɗa motar zango ya san ba kowane ruwan da ya kwanta a bututu ne abin damuwa ba. Wanda ke cikin lanƙwasar nan mai siffar U a ƙarƙashin sinki aikinsa yake yi: ruwa mai zurfin kamar santimita 5 ya tare hanya, warin tankin ruwan wanke-wanke ba zai hawo ɗaki ba. Wanda ya hana ni sakat shi ne ruwa na biyu, da ya samu wurin zama inda ba a ba shi ba.

Wata rana shawar ta zuƙe ruwa lafiya lau, wata rana sai ta riƙa ɓul-ɓul tana sauka da ƙyar. Na zura waya ko gashi da sabulu ne suka toshe, ba komai. Na duba tanki, tunda shawa ce mafi ƙasa kuma nan ruwa ke fara dawowa in tanki ya cika, na tarar wayam. Na hau rufi na duba bututun iska, wanda ke fitar da iskar tanki waje, a buɗe yake. Nan fa raina ya ɓaci.

Sai da na kwanta a ƙarƙashin motar da tocila na ga abin. Tiyo mai gaɓa-gaɓa da ya tashi daga shawa zuwa tanki ya yi ciki tsakanin maɗauri biyu. Ina ɗaga shi da hannu na ji ruwa ya kwarara. Wannan cikin da tiyon ya yi ya zama lanƙwasa ta biyu bayan U ɗin da ke ƙarƙashin shawar, kuma iskar da ke tsakanin lanƙwasa biyun ba ta da mafita, domin bututun iska yana can ɓangaren tanki, gaba da cikin. Ruwan shawa dole ya tura wannan iskar kafin ya wuce, alhali tsayin da yake faɗowa daga shi 'yan santimita ne, ba shi da ƙarfin turawa. Sinki yana sama, shi ya sa bai taɓa nuna alama ba. Ruwan zafi kuma yana tausasa tiyon ya ƙara lotsawa, gaɓoɓin na riƙe maiƙo da dauɗar sabulu.

To me ya sa wata rana yake tafiya? Wannan ne ya fi ɗaure min kai. Gangaren da ake ba bututun magudana santimita 2 ne a kowace mita, wato kwatan inci a kowace ƙafa. In ka auna shi a kusurwa, digiri ɗaya ne da 'yan kai. A gida daɓe ba ya motsi. Mota kuwa, ka ajiye ta a wurin da ya ɗan karkata, gangaren ya tafi baki ɗaya, ko ma ya juya baya. In ta karkata wajen tanki sai komai ya yi daidai, ka ɗauka an wuce wurin.

Sai na fara daidaita motar a kan katako, na ɗora lebur a daɓe har ƙwayar ta tsaya tsakiya, sannan na soma awo. Na cire tiyon, na sa fayif mai tauri na milimita 40, na ɗaure shi a kowace rabin mita, na ba shi santimita 3 a mita inda wuri ya bari. Wani ƙarfen shasi ya gitta hanya, dole na sauke tankin ƙasa kaɗan, aikin da ban shirya masa ba. Lanƙwasar shawar ma na maye gurbinta da bawul mara ruwa, mai lallausan silikon a ciki da ke buɗewa in ruwa ya zo ya rufe da kansa. Kuɗinsa ya yi min zafi, amma ana iya kwantar da shi, ya ba ni tsayin da nake nema, kuma ba ruwan da zai fantsame a tafiya ko ya bushe in mota ta daɗe a ajiye.

Gwajin da nake so kowa ya yi: cire bakin fayif daga tanki, tara bokiti, zuba lita 10 a shawa. Na gwada gaban mota yana sama, na gwada yana ƙasa, kusan duka ruwan ya fito.

Saura sinki, wanda har yanzu ke da U ɗinsa. Masu shiga wurare masu tsananin sanyi ku tuna ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, ya fasa lanƙwasar. A zuba maganin hana daskarewa da aka yi don bututun motar zango, kada a sa na lagireto, guba ne. Wanda ya sa bawul mara ruwa a sinki, don Allah ya gaya min yadda yake yi da maiƙon wanke-wanke kafin in sake kashe kuɗi.