Abin da littattafan lissafin 'yan kasuwa suka koya mini

Aikina shi ne duba littattafan lissafi na masu ƙananan sana'o'i da ke neman rance, kuma wannan aiki ya sa na daina yarda da siffar da aka saba yi wa ɗan kasuwa mai nasara, wato jarumi mai son kasada wanda yake zuba duk abin da ya mallaka a harka ɗaya ya jira sa'a. Waɗanda na ga sun ɗore mutane ne masu taka tsantsan, domin kafin su tambayi kansu ribar da za su ci, sukan fara lissafa asarar da za su iya ɗauka ba tare da jarinsu ya karye ba.

Wata farfesa a Amurka, Saras Sarasvathy, ta ba gogaggun 'yan kasuwa 27 matsala iri ɗaya, ta saurari yadda suke warware ta, sai ta tarar suna farawa ne daga abin da ke hannunsu, wato iliminsu da mutanen da suka sani, kuma suna auna kowane mataki da asarar da za su iya jurewa. Phil Knight ma, wanda ya fara sayar da takalman gudu a 1964 kafin kamfanin ya zama Nike, ya ci gaba da aikinsa na akanta na wasu shekaru, bai saki albashi ba sai da cinikin ya tsaya da ƙafafunsa.

Batun abin da ke zaburar da mutum kuwa, ban ga laifin neman kuɗi ba, amma na lura cewa wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi yakan janye da zarar riba ta yi jinkiri, ita kuwa takan yi. An kafa Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, a 1994, amma sai a 2003 ya fara rufe shekara da riba. Masu jure irin wannan jira galibi akwai wata matsala da ta tsaya musu a rai, kamar James Dyson, maƙerin na'urori ɗan Birtaniya, da injin sharar ƙura ya ishe shi da toshewa, har ya ƙera samfuri 5,127 kafin ya samu wanda ya gamsar da shi.

Inda na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne rashin bambance riba da kuɗin hannu. Na sha buɗe littafi in ga ciniki yana hauhawa wata bayan wata, mai shi yana murna, amma idan na juya shafin masu bashi sai in tarar rabin hajar tana hannun mutanen da ba su biya ba, alhali ranar biyan dillali da ma'aikata ta gabato. Irin wannan kasuwanci yana iya mutuwa yana da riba a takarda. Akwai wata mata da nake tunawa, wadda ta raba kuɗin gida da na sana'a, ta yanka wa kanta albashi, kuma kowane maraice tana rubuta har da abin da aka tambaya ba ta da shi. Wannan shafi na ƙarshe shi ne ya riƙa nuna mata abin da za ta saro, kuma ban ga kowa ya koya mata ba.

Duk da haka, lissafi shi kaɗai ba ya isa, ko da yake shi ne sana'ata. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan masu ƙananan sana'o'i kusan 1,500 a birnin Lome na ƙasar Togo ya nuna cewa waɗanda aka horar kan himma, wato fara abu ba tare da jiran umarni ba da hango matsala tun ba ta iso ba, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, yayin da waɗanda aka koya wa darussan kasuwanci da aka saba suka samu kashi 11 kacal. Abin da ya fi faranta mini rai a ciki shi ne himmar nan ana iya koyar da ita, ba lallai sai an haifi mutum da ita ba.

Haka kuma na daina ɗaukar kasuwanci a matsayin harkar matasa zalla, domin binciken da aka yi kan kamfanonin Amurka mafi saurin bunƙasa ya nuna cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa su 45 ne. Wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin wani ya riga ya san dillalai, ya san ƙorafin masu saye, ya kuma san watannin da ciniki ke ja baya, shi ya sa idan matashi ya kawo mini takardar neman rance nakan fara tambayarsa a wurin wa ya koyi sana'ar, kuma wane ne ya riga ya biya kuɗi ya sayi abin da yake son yi.