Dusar ƙanƙarar da ta koma tuwon shinkafa

Jiya na je kwaso kayana daga situdiyo tunda an gama, sai na ci karo da shi a bayan kabad ya sha ƙura, wato zanen nan da ya kusa sa ni ajiye kwas ɗin tun a aji biyu.

Waɗanda muka yi aji tare sun san zancen. Malam ya ce kowa ya zaɓi aikin wani tsohon gwani ya kwaikwaya da fentin mai, masu hankali suka ɗauki tulu da 'ya'yan itace, ni kuwa da rawar kai na ɗauko zanen mafarauta a dusar ƙanƙara da Pieter Bruegel, wani gwanin zane na yankin Beljiyam ta yau, ya yi a 1565, wanda yanzu yake gidan tarihi a Biyana, babban birnin Austriya. Mutum uku sun dawo farauta da karnukansu duk a galabaice, abin da suka samo 'yar dabba ɗaya ce tal mai kama da dila, can ƙasa kuma jama'a na ta wasa a kan ruwan da ya daskare. Ni da ban san wata ƙanƙara ba sai ta firiza.

A ganina ai dusar ƙanƙara fara ce, magana ta ƙare. Na matso farin fenti na lafta da kauri har rabin allon, bayan kwana biyu na taɓa da yatsa na ji kamar ya bushe sai na hau zana karnuka da bishiyoyi a kai, da fentin da na tsinka da kananzir don ba ni da kuɗin tafentin, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Ashe sama ne kawai ya yi fata, ciki ɗanye sharaf. Baƙi ya dame da fari ya koma toka, ga shi lokacin hunturu ne na bar taga a buɗe ƙura ta bi ta manne, kafin ranar miƙawa kuma saman ya fara tsattsagewa kamar faso.

Malam ya ɗaga allon a gaban kowa ya ce, "Wannan kuma tuwon shinkafa ne? To ina miyar?" Aji ya kwashe da dariya, ya ba ni D. Dariyar ba ta dame ni ba wallahi, abin da har yau yake ci min rai shi ne mutumin nan sau uku kacal ya shigo aji a zangon, kuma ko sau ɗaya bai ce mana ana fara fentin mai da ruwa-ruwa ba, a bari ya bushe, sannan a riƙa ƙara mai da kauri ana yin sama. Wani ɗan aji huɗu ne ya faɗa min wannan a tsaye, cikin minti biyar.

Da hutu na sake daga farko, ba don maki ba. Sai da na ƙura wa hoton ido na kwanaki sannan na ga farin nan ba fari ɗaya ba ne, akwai toka-toka, akwai ruwan ƙasa, kuma sararin sama da ƙanƙarar tafkin kusan launi ɗaya ne, kore mai duhu-duhu, shi ke sa ka ji sanyi. Bruegel a kan katako ya yi nasa kuma fentinsa ba kauri. Manyan duwatsun can baya ma babu irinsu a ƙasarsu, a hanyarsa ta Italiya ya gan su ya zo ya dasa, kun ga shi ma yana ƙarin gishiri.

Sauran ba yawa. Ka ja layuka ka raba allo gida-gida kafin ka zana, ka wanke burushi a ranar, ka rufe taga.

Na kai masa na biyun na ce Malam ga shi na gyara, ya kalla ta saman tabarau ya ce ba laifi, ya ci gaba da danna waya. D ɗin tana nan a takardata. Na biyun yana rataye a falon Umma, tana ce wa baƙi ɗanta ne ya zana ƙasar Turawa. Na farkon kuma jiya na kakkaɓe shi na ɗaura a bayan mashin na taho da abina.