Turancin Baƙaƙen Amurka Yana Da Nahawunsa

Ɗalibai da dama a Sakkwato kan ji Turancin baƙaƙen fatar Amurka a TikTok su ce gurɓatacce ne. Kuskure ne, domin yana da ƙa'idojinsa tsayayyu. "She working" na nufin tana aiki yanzu, "She be working" kuwa takan yi aiki a kai a kai. Mai kwaikwayon da ke cusa "be" ko'ina ya ɓata ma'ana, kuma nan take masu harshen za su gane shi. Da hukumar makarantun Oakland, wani birni a Amurka, ta amince da shi a matsayin harshen ɗalibanta baƙaƙen fata a 1996, an sha cece-kuce. Basakkwacen da aka taɓa yi wa dariya don ya ce "hwaɗa" maimakon "faɗa" ya san ciwon wannan raini. Sai dai a jarrabawar WAEC, a rubuta Turancin makaranta.