Fita ta huɗu da bindigar ɗuri: ashe murfin gindi ne ya toshe

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na yi alkawarin riƙa kawo muku inda aka kwana da bindigar nan, ga na wannan karon. A nan jihar Ohio ta Amurka kakar farautar barewa da bindigar ɗuri kwana huɗu ce kacal a farkon Janairu, saboda haka wanda bai gama saitinsa tun kaka ba, sanyi zai cimma shi yana lalube.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, wannan bindiga ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, kamar harbi-ruga ta maharbanmu na gida. Inda suka rabu shi ne wajen tashin wuta: a wannan, firaima, wato ɗan ƙoƙon da ke tada wuta, tana zaune a can gindi, layi ɗaya da bututu, wutarta na bugun albarushi kai tsaye. Tony Knight ne ya yaɗa wannan ƙira da bindigarsa MK-85 da ya fitar a 1985. Tawa CVA Optima ce mai faɗin baki inci .50, zanen cikin bututunta yana juyi ɗaya a inci 28, irin juyin da ke son harsashi mai 'yar rigar roba. Harsashin da nake sawa mai nauyin giren 250 ne (giren ɗan ƙaramin awon nauyi ne), kaurinsa inci .452, rigar ce ke cike ragowar bututun ta kama zanen.

Da ƙullallen albarushi na fara, wanda galibi giren 50 ne kowane ƙulli. Yana da sauƙin ɗuri, amma ba ya ba ka damar ƙara kaɗan ko rage kaɗan, shi ya sa na koma na gari, Blackhorn 209. Abin da nake roƙon kowa ya riƙe a nan: lambobin albarushi da ake faɗa na awon mudu ne, wato ɗan ma'aunin tagulla, ba na sikeli ba. Giren 100 a mudu wajen giren 70 ne a sikeli, kuma iyakar da masu yin sa suka yanka giren 120 ne a mudu. Wanda ya rikita waɗannan biyun ya zuba 120 na sikeli ya wuce gona da iri ƙwarai. Albarushin harsasan zamani kuwa, mara hayaƙi, ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga irin wannan bututun, fasa shi zai yi. Sannan Blackhorn yana son firaima 209 mai cikakken ƙarfi ta harsashin tsuntsaye, irin su CCI 209M ko Federal 209A, da murfin gindi (abin da ke toshe ƙarshen bututu, inda firaima ke zama) da aka yi dominsa.

Fita ta farko a yadi 25 na tsaya, don kawai harsashi ya hau takarda. Ta biyu na matsa yadi 50, daga nan 100, ina gwada albarushi giren 90, 100 da 110 na mudu, harbi uku-uku. Na 110 ya fi dukan kafaɗa, ya kuma fi watsuwa. Na 100 ya tara mini uku cikin abin da bai kai inci biyu ba. Na rubuta a littafi, na koma gida ina murna.

Fita ta uku ita ta ɓata mini rai. Albarushi ɗaya, harsashi ɗaya, amma wannan ya sauka hagu, wancan ƙasa, tazara ta kai tafin hannu. Maimakon in tsaya in yi tunani sai na kama juya madubin saiti. Kowane ƙas ɗaya rubu'in inci ne a yadi 100, na yi ta ƙirgawa ina bin ramin ƙarshe, har na rasa inda na faro. A harbi na takwas na ja kunama, aka ji ƙas, sai bayan ɗan ƙiftawa bindiga ta tashi. Jinkirin bai kai daƙiƙa ba, amma jikina ya yi sanyi. Idan irin haka ta same ku kuma ba ta tashi ba, ku bar bakinta yana kallon takarda har minti ɗaya kafin ku taɓa komai.

Wani dattijo Ba'amurke da ke teburin kusa da ni ya ce in kwance murfin gindi in ɗaga shi sama. Na ɗaga, da ƙyar haske ke ratsawa. A cikin murfin akwai rami mai ɗan faɗi da wutar firaima ke bi, ƙarshensa kuma ƙaramar ƙofa kamar ta allura. Ni duk tsawon lokacin bututu nake gogewa har yana sheƙi, murfin kuwa sai in share bayansa in mayar. Ashe toka ta daskare a cikin ramin kamar dutse. Ya ba ni bakin abin huda mai kauri daidai da ramin, ya ce da yatsu zan juya, kada in sa shi a inji. Ina juyawa baƙin gari yana zuba a tafin hannuna, ya kusa cika murfin biro. Wuta ba ta isa albarushi iri ɗaya a kowane harbi, ta yaya harsashi zai sauka wuri ɗaya? Sakacina ne, kuma ya ci mini harsashi goma sha biyu da rabin yini.

Jiya Asabar na koma da tsari. Na goge mai daga bututu da busasshen tsumma, na fasa firaima biyu ba ɗuri don su ƙone abin da ya rage. Na auna albarushi tun daga gida cikin 'yan kwalaben roba, kowace giren 70 na sikeli. Ina tura harsashi har ya zauna daram a kan albarushi, domin barin iska tsakaninsu haɗari ne, kuma na ja layi a jikin sandar ɗuri daidai bakin bututu. Idan layin ya tsaya sama da inda ya saba, to ko harsashi bai zauna ba ko na yi ɗuri biyu. Tsakanin harbi da harbi ina jira minti goma, saboda bututu mai zafi yana laushe rigar roba. Ban taɓa madubi ba sai da na harba uku, na auna tsakiyarsu, na juya sau ɗaya. Uku na gaba suka taru inci biyu sama da tsakiya a yadi 100, inda nake so.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne harbin farko. Daga bututu mai tsabta da sanyi yana sauka wajen inci ɗaya da rabi sama da sauran. A daji kuwa shi kaɗai ne da kai: ka yi bismillah ka ja kunama, hayaƙi ya rufe maka ido, kafin ka sake ɗuri barewa ta yi nisa. Saboda haka na buɗe takarda guda ta harbin farko zalla, kowace fita rami ɗaya, kuma da ita zan yi saitin ƙarshe.

Wajen wanki, Blackhorn ba ya son ruwa, maganin wanke bindiga mai mai ake sa masa, saɓanin baƙin albarushi da madadinsa Pyrodex da ruwan sabulu ke wankewa. Kowanne ne dai, a ranar nake wankewa, in shafa man hana ƙamewa a zaren murfin kafin in ɗaura. Idan Janairu ta zo, bindigar da ta yini cikin sanyi da ɗuri a cikinta ba zan shigar da ita ɗaki mai ɗumi ba, gumi take yi ta jiƙa albarushi. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada yadi 150 in ga yawan faɗuwar harsashi. Wanda ya riga ni gwadawa da harsashi mai giren 250 ya faɗa mini abin da ya gani.