Yaro ya fito daga gidan gyaran hali, to sai me?

Mu da muke aikin walwalar jama'a a cikin unguwanni mun san gidan da yaro ya fito, mun san uban ya ƙaro aure, mun san majalisar da ake koya masa shan sholisho da kodin. Su kuma ma'aikatan gidan marayu da gidan gyaran hali sun san shi da daddare, ko yana fitsarin kwance, ko yana firgita cikin barci, ko da an ambaci babansa sai ya yi tsit. Kowa na riƙe da rabin labari, fayil ɗin kuma yana can cikin durowa ba ya tsallake get.

Ku tuna Rigasa a Kaduna, Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina. Da yawansu fa iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye ya fi ƙarfinsu. To in ka ɗauki yaron nan ka mayar wa uban da ya kai shi mari, ba wanda ya zauna da uban, ba wanda zai leƙo bayan sati biyu, me ka gyara? Haka aka yi ta kwasar almajirai a motoci zuwa jihohinsu lokacin korona a 2020, kai yaro garinsu daban, bin sawunsa daban.

Ni dai abin da na ga yana aiki shi ne ma'aikacin unguwa ya fara zuwa wajen yaron tun yana ciki, yaron ya saba da fuskarsa, matron mai kula da yaran gidan ta gaya masa halin yaron ba ɓoye-ɓoye, sannan a je tare wajen mai unguwa a kira iyayen, a nemo masa teloli ko gareji tun kafin ranar sallama. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma cewa ta yi tsare yaro sai in an rasa wata hanya, Kano kuma ta samu tata dokar a 2023. Amma wallahi har yanzu kuɗin kati da na adaidaita na wannan zirga-zirgar daga aljihunmu yake fita, shi ya sa wasu suke yin ziyara ɗaya su bari.