Yadda na sayi tikitin jirgin ƙasa na Madina zuwa Makka tun ina gida

Da muka tsai da shawarar zuwa Umara ni da mahaifiyata, ejan ɗin da ya shirya mana biza da masauki ya shaida mini cewa motar da za ta ɗauke mu daga Madina zuwa Makka tana cikin kuɗin da muka biya. Na san wannan hanya, domin na taɓa bin ta a bas, kuma na san tafiya ce ta awa biyar zuwa shida idan aka haɗa da tsayawa a miƙati da wuraren cin abinci. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, dogon zama yana kumbura mata ƙafa, saboda haka na ce a cire sunayenmu daga motar, zan saya mana tikitin jirgin ƙasa na Haramain da kaina tun kafin mu bar gida.

Wannan jirgi ya fara jigilar fasinja ne a watan Oktoba na 2018, bayan Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a ƙarshen Satumbar shekarar. Tsawon layin ya kai kimanin kilomita 450, jirgin yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa ɗaya, kuma kamfanin Talgo na ƙasar Sifaniya ne ya ƙera taragunsa. Tashoshinsa biyar ne: Madina, da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, da Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, sai Makka a unguwar Rusaifa. Tafiyar da bas ke cinye kusan rabin yini a kanta, jirgin yana gama ta cikin kamar awa biyu da rabi. Na kawo jerin tashoshin ne da gangan, domin biyu daga cikinsu duk a Jidda suke, kuma wanda zai kama jirgin sama zuwa gida, idan ya zaɓi Sulaimaniyya a maimakon ta filin jirgi, sai ya sake neman tasi da kayansa a hannu.

Abin da ya fara cin mini lokaci shi ne gano ainihin shafin da ake sayar da tikitin. Idan mutum ya rubuta sunan jirgin a manemin intanet, yawancin abin da ke fitowa a sama shafukan dillalai ne, masu hoton jirgin da na Ka'aba, waɗanda suke sayo tikitin a madadinka su ɗora nasu la'adar a kai. Ba na cewa dukansu macuta ne, sai dai ban ga dalilin da zai sa in miƙa wa wanda ban sani ba lambar fasfon mahaifiyata da ta katin bankina ba, alhali hukumar jiragen ƙasa ta Saudiyya, wato SAR, tana da shafinta da kuma manhajar waya mai suna HHR Train, cikin Larabci da Turanci. Wanda ya saba sayen tikitin Abuja zuwa Kaduna ta waya, tun da aka fara hakan a 2021, ba zai ga baƙon abu a tsarin ba. Za ka zaɓi tashar tashi da ta sauka, da rana, da yawan fasinja, sannan ka zaɓi ɗaya daga ajin kujeru biyu, na gama-gari ko na alfarma, ka kuma nuna kujerar da kake so a taswirar tarago.

Wurin cike bayanan fasinja ne ya kamata mutum ya natsu. Ana neman ƙasar da ka fito, da nau'in takardar shaida, da lambarta, da suna kamar yadda yake a rubuce. Mu Hausawa muna da wata matsala a nan da ba kowa ke lura da ita ba, domin sunan da ake kiran mutum da shi a gida sau da yawa ba shi ne a fasfonsa ba, kuma ko sunan guda ne, wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu. Na ɗauko fasfon Hajiya na buɗe shi a gabana, na kwafi haruffan ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa na san sunanta tun kafin in iya karatu. Haka kuma na riƙa tuna wa kaina cewa agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke jikin tikiti na can ne.

Na zaɓi jirgin ƙarfe tara na safe, ina ganin gara mu isa Makka da wuri mu huta kafin ɗawafi. Da na zo biyan kuɗi, sai katina na naira ya ƙi. Wannan ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya san yadda bankunanmu suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira a wajajen 2022, sannan wasunsu suka dawo da ita a 2025 tare da ƙayyade adadin dalar da za a iya kashewa. Kuɗin tikitin da riyal ake cire shi, riyal kuwa an ɗaure shi da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, saboda haka ainihin abin da zai fita daga asusunka ya dogara ne da canjin da bankinka ya yanka a ranar. Na sake gwadawa sau biyu, kujerun da na riƙe suka kuɓuce, na rufe kwamfutar cikin ɓacin rai na tafi gaishe da Hajiya.

A nan ne na gane cewa ƙin da katin ya yi alheri ne gare ni. Da na faɗa mata lokacin da na zaɓa, sai ta ce, "To, ɗan nan, a ina za mu ɗaura harami?" Na ce, "Hajiya, sai mu yi wanka mu shirya tun a masauki, idan jirgi ya zo saitin miƙati mu yi niyya." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita dai tana so ta yi raka'o'inta biyu a masallacin Zul Hulaifa kamar yadda ta yi a Hajjinta na farko, in dai ba zai zama wahala gare ni ba. Duk wanda ya san iyayenmu mata ya san cewa wannan magana umarni ce da aka lulluɓe da kara.

Ga yadda al'amarin yake. Miƙatin mutanen Madina shi ne Zul Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali, yana kudu maso yammacin gari, tashar jirgin kuma tana gabashin gari, tsakaninsu akwai tafiya mai ɗan nisa a mota. Jirgin ba ya tsayawa a miƙati. Yana wuce saitinsa ne jim kaɗan bayan tashi, lokacin da wasu ba su ma gama ajiye jakunkunansu ba, kuma wanda ya ƙetare miƙati da nufin Umara ba tare da harami ba, ko dai ya koma ko yanka ya hau kansa. Don haka mafita biyu ce: ko mutum ya shiga jirgi a shirye cikin tufafin haraminsa ya jira saitin miƙati ya yi niyya ya fara talbiya, ko ya ɗauki tasi zuwa masallacin ya yi haraminsa a can, sannan ya juyo zuwa tasha. Kowanne akwai masu yin sa, kuma ya fi kyau mutum ya tambayi malaminsa tun yana gida. Abin da ya shafi tikiti shi ne, hanya ta biyu tana buƙatar ƙarin awa biyu aƙalla idan kana tare da dattijuwa mai tafiya a hankali, kuma jirgi ba kamar direban bas ba ne da za a roƙa a ce a yi haƙuri akwai sauran mutum ɗaya a banɗaki. Da katina ya yi aiki a daren farko, da na sayi tikitin da zai sa mu fita masauki a gurguje bayan Asuba, ko kuma in shiga neman canji tare da sharuɗɗansa.

Washegari na zauna da takarda na fara lissafi daga baya. Na duba lokacin da masaukinmu na Makka ke ba da ɗaki, wanda yake bayan Azahar ne, na duba lokacin da za mu miƙa makullin na Madina, na duba lokutan salla a ranar, na kuma tabbatar cewa izinin shiga Rauda da muka samu ta manhajar Nusuk bai faɗo a safiyar tafiyar ba. Daga nan na zaɓi jirgin da ke tashi bayan Azahar. Na biya da katin asusun dala, aka turo mini lambar tabbatarwa ta waya, kuma wannan ma wani dalili ne na gama sayayya tun mutum yana gida, domin idan ka sauka Saudiyya ka cire layinka ka sa nasu, saƙon bankinka ba zai same ka ba. Tikitin ya zo ta imel ɗauke da tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa a ƙofa. Na adana shi a waya, na kuma buga shi a takarda, saboda ban yarda da batirin waya a ranar tafiya ba.

Sai maganar kaya, wadda nake ganin ita ce ta fi kama mutanenmu ba shiri. Kowane fasinja ana ba shi damar babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, mai ƙayyadadden girma, tare da ƙaramar jakar hannu. Mu kuwa a Madina ake sayen dabinon ajwa da dardumai da tasbahan tsaraba, kuma Hajiya ta taho da jerin sunayen jikoki da maƙwabta da surukai wanda ya cika shafi guda. Na roƙi ejan ɗinmu ya bar manyan jakunkunanmu su bi motar ayari tunda dai mun riga mun biya kuɗinta, ya amince, muka tafi tasha da jaka ɗai-ɗai.

A ranar, tasi ya kai mu Abyar Ali da hantsi, Hajiya ta yi sallarta ba tare da kowa ya hanzarta ta ba, muka isa tasha da sauran kusan awa ɗaya. Aka haska tikitinmu, aka duba kaya a na'ura, muka sami kujerunmu biyu a jere kusa da ƙofar tarago, inda na zaɓa domin kada ta yi doguwar tafiya a ciki. Taragon cike yake da masu harami, talbiya tana tashi daga kowane ɓangare. Muka sauka a Rusaifa da La'asar, tasi ya ƙarasa da mu 'yan kilomitocin da suka rage zuwa masauki, jakunkunanmu kuma suka iso tare da ayari bayan Isha.

Tikitin komawa daga Makka zuwa filin jirgin Jidda kuwa ban saya ba, duk da cewa jirgin yana tsayawa a cikin filin. A lokacin jakunkunanmu sun zama biyar, ban da robar Zamzam mai lita 5 da kowannenmu zai karɓa, sai muka bi motar ayari tare da sauran jama'a.