Balbelu a Dadin Kowa, Tsakanin La'asar da Magariba

Asabar, ƙarshen Nuwamba.

Bayan Azahar na bar Gombe na kama hanyar Biu. Dadin Kowa ba nisa, ko da direba yana tsayawa sauke mutane tafiyar ba ta kai awa guda. Ban doshi bangon dam ɗin ba, don wurin gwamnati ne, mai rataye da doguwar kyamara kuwa ba ya rasa masu yi masa tambaya. Ƙasa na gangara, inda kogin Gongola ke fita ya ratsa fadama. Tun 1984 da aka kammala dam ɗin nan ruwa ba ya yankewa ko da rani, shi ne ma muke sha a cikin Gombe. Ga ruwa, ga karan shinkafa da aka girbe, ga shanun Fulani sun shigo kiwo, ai tsuntsaye ba sa jiran gayyata.

A gindin wata bagaruwa na tarar da wani dattijo yana ɗinke ragarsa. Muka gaisa, ya ƙura wa kyamarar ido.

"Ɗana, ɗan jarida ne kai?"

"A'a Baba, hoton balbela na zo ɗauka."

Sai da ya ajiye ragar don dariya. "Balbela? Ci da motsin wani? Ita ta taso ka daga Gombe?"

Ba ƙarya ya yi mata ba. Saniya ta taka ciyawa, fara ta tashi, ita kuma ta cafke, sana'arta ke nan. Amma wannan tsuntsuwar da muka raina ita ce ta tsallake tekun Atalantika da fukafukanta a ƙarshen ƙarni na 19, ta sauka Kudancin Amurka, yau ga ta nan tana bin shanun can. Na gaya wa Baba haka, ya ce ikon Allah, ya koma ɗinkinsa. Can kuma ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Kada ka bi su, wahala za ka sha. Zauna bayan tudun can. In rana ta kusa taɓa kan itatuwa za su baro shanu, su biyo ruwa ƙasa-ƙasa, su sauka kan waccan. Kullum ita suke kwana." Na duba, rassan bishiyar da ƙasanta duk sun yi fari da kashinsu.

Farin tsuntsu ya fi kowane tsuntsu wuyar ɗauka. Da tsakar rana ba ma a fara shi, haske ya yi yawa, jikin ya fito fari fat babu layin gashi ko ɗaya. Da yamma kuma wata matsalar ce. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta ɗauki tsaka-tsaki, to idan bayan tsuntsun ruwa ne mai duhu ko inuwar itatuwa, sai ta ƙara haske don ta gyara duhun, nan take tsuntsun ya ƙone. Duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta daga baya. Farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan, babu abin da ya rage a wurin da za a dawo da shi. Don haka na rage mata haske da mataki guda, wani lokacin har da ƙari, na bar ruwan ya yi baƙi yadda ya ga dama. Saurin ƙiftawar kyamara na sa shi a 1/1600 na sakan saboda masu tashi, gilashin kyamarata kuma mai milimita 300 ne, ba ya jawo su yadda nake so, dole na zauna shiru su su matso.

Zaman ya yi amfani, don ba duka fararen ne balbela ba, ko da yake mutane haka suke kiransu gaba ɗaya. Balbela gajera ce, wuya kauri, baki rawaya, ta fi son tudu. Da damina, lokacin sheƙa, takan yi jajjajan gashi a ka da ƙirji da baya, yanzu kuwa duk ya zube. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, yatsunta ne kawai rawaya, tana girgiza ƙafa cikin taɓo don ta tayar da ƙananan kifaye. Sai babbansu, farin zalɓe, shi kaɗai a bakin ruwa da dogon wuyansa mai lanƙwasa, ya fi minti goma bai motsa ba. Shi na fi so, ba ya ba mai hoto wahala. Dukansu in sun tashi naɗe wuya suke yi, ba irin shamuwa ba da ke miƙe nata.

Wajen biyar da kwata hasken ya juya. Na ba rana baya, sai ga zalɓen ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ya ɗauki shuɗin sama. Ana iya ƙirga gashin bayansa. Sannan suka fara zuwa ta inda Baba ya nuna, biyar, goma, ashirin, dab da ruwa. Na juya na fuskanci rana don ta ratso ta fukafukansu, a nan ne na samu hotunan da suka fi: jikin da ɗan duhu, gefen fiffike yana haske. Kafin wani lokaci bishiyar ta zama kamar gonar auduga da ta fashe, ga hayaniyarsu, kowa na faɗan reshe.

Abin bai daɗe ba. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa, hazon hunturu kuma ya fara sauka, ya haɗiye ta tun ba ta kai ƙasa ba. Na yi ta ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, har hoton ya fara yin tsaki-tsaki, sauro ma ya ce ga shi nan, sai na rufe gilashi.

Tare da Baba muka yi Magariba a bakin hanya. Na nuna masa hotunan a bayan kyamara, ya duba na zalɓen da kyau, ya ce ashe haka yake da kyau ɗan banza mai cinye masa kifi. Na sayi karfasa a hannun ɗansa. Yaron ya karɓi lambata, ya ce in tura masa ta WhatsApp, amma ba na tsuntsaye ba, wanda na ɗauki Baba yana ɗinkin raga yake so. Da na iso gida shi na fara turawa.